Salkar da ke Cikin Hanta

Shekara talatin ina fawa a Badagishiri.
Wuƙata ta san haƙarƙarin rago
kamar yadda yatsun tsoho suka san carbi.
In na buɗe ciki na tarar da hanta mai ƙululu,
fararen salkuna ƙanana cike da ruwa garau,
sai in ce wannan ba ta mutum ba ce,
in wurga bayan rumfa.

Can kuwa akwai mai jira:
Bar-su, karen Julɗe, ja mai yankakken kunne,
wanda ke biyo tumaki kowace ranar kasuwa.
Yakan cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba.
Julɗe ya yi dariya, sandarsa ma ta fi shi tsawo,
ya rungume wuyan karen,
ya koma kan ƙwaryar furarsa da hannun nan.
Ni ina ganin na yi sadaka.

Damina tara ta wuce.
Ya zo mini da saniya zai sayar, saurayi sosai,
amma yana tafe a karkace, hannu dafe da gefen dama.
An ce sammu, an ce shawara,
ya sha sassaƙe har ya gaji da ɗaci.
Mahaifinsa ba ya jin Hausa da kyau,
shi ya sa na raka su Tawa.

Ɗaki mai sanyi. Likita Hamsatu ta shafa masa mai a ciki,
ta zagaya da wani abu kamar tafin hannu,
ta juyo mana da gilashin hoto.
Kafin ta buɗe baki na gane ta.
Salkar nan ce.
Wadda na yanke sau dubu, ga ta zaune cikin ɗan mutum,
ta kai girman lemun zaƙi.

Na ce, ai bai taɓa cin irin hantar ba, ni shaida ne.
Ta ce, ba ta nan take bi ba, Baba Arzika.
Kare ya ci salka, tsutsa ta tashi a hanjinsa,
ƙwanta ya fita da kashi, ido ba ya ganinsa,
ya manne a gashi, a ciyawa, a igiyar guga.
Tunkiya ta kiwata, yaro ya shafa ya kai baki,
daga nan sai haƙuri:
shekaru take yi tana cika, ba ta ko tari.

Na dubi hannuna.
Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake cewa,
ban san ni ke riƙe da daren ba.

Fiɗa sana'ata ce, amma ranar na zauna a waje
wasu suka yi ta a kan Julɗe.
Ya tashi. Ɗinkin ya kai taƙi guda.

Yanzu bayan rumfata akwai rami mai zurfi
da rabin tano inda wuta ke cin abin da na ƙi.
Karnuka sun yi mini zaman makoki kwana bakwai,
suka haƙura.
In makiyayi ya tsaya sayen tsire
ba ya tafiya sai ya ji nawa:
ka kai karenka gun malamin dabbobi ya sha maganin tsutsa,
ka koma in lokaci ya zagayo,
kada ya kwanta a bakin rijiya,
sabulu kafin ƙwarya, ko da yunwa na cizo.
Mushe ma a binne, kada a bar wa kare.

Wasu na cewa Arzika ya tsufa, ya koma wa'azi.
Sai in kira Julɗe in yana kusa,
ya ɗaga riga.

Bar-su ya daɗe da mutuwa.
Jikansa ne ke zuwa yanzu, ja shi ma,
ya zauna nesa yana kallon hannuna.
In jefa masa dafaffen ƙashi.