Tebur Marar Kai

Ranar Alhamis, kasuwar Dole na ci,
Malama Habsu ta shigo rumfata
da takarda a ninke cikin tafin hannu.
Ta ce: Ma'azu, tebur nake so, amma marar kai.

Na ajiye zarto.
Shekara talatin ina yi wa lakwal benci,
duka fuska guda suke duba, kamar sahu.
Ko akuya tana da kai da wutsiya.
Na ce: to ina malami zai zauna?
Ta ce: inda ya tarar da wuri.

Ta ce a babban ɗakin jami'a
mutum ɗari uku ke kallon ƙeyar juna.
Akwai wata Tsahara, ƴar Tanut,
shekara biyu ban ji muryarta ba,
rubutunta kaɗai na sani,
shi kuwa kaifi gare shi kamar aska.

Na je na auna ɗakin da ƙafata:
taku tara, taku bakwai.
Taga tana yamma, la'asar za ta gasa su,
na ce a rataya asabari.
Fanka na gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi,
mai ƙaramar murya ba zai ƙetare ta ba,
na hau kujera na ɗaure mata wuya.
Allo kuwa na sauko da shi kamu biyu,
don gajere ma ya kai alli.

Kwana goma sha ɗaya ina fere da goge.
Ranar kai kaya, amalanke ya tsaya,
tebur ya ƙi ƙofa, ƙofa ta ƙi tebur.
Laifina ne. Ban auna ta ba.
Kunya ta sa na yanka shi shida a tsakar rana
kamar mai sayar da kankana.

Ashe gyara na yi ban sani ba.
In gardama ta yi zafi, sai su ja yanka-yanka,
bibbiyu, kowa da kusurwarsa,
in sun huce su haɗa shi ya koma wata ɗan sha huɗu.
Gefe guda babu kujera,
nan Lawali ke tura kekensa ya shige.

Bayan wata guda ƙafa ɗaya ta fara rawa.
Na zo da guduma, na duƙa ƙarƙashi,
sama da kaina ana ta musu kan ruwan Damagaram,
me ya sa dutse ya fi rijiya yawa.
Sai wata murya, siririya, ba ta rawa:
A tambayi baban nan, ya girme famfon garin.

Na fito da ƙusa a baki.
Ido goma sha biyu-biyu a kaina.
Na nemi Malama in ga ko ta yarda,
da ƙyar na gano ta,
tana tsakanin yara biyu, tana rubuta abin da zan ce.