Tafin Ba-Ruwanka

Ɗari ya kwana kan duwatsun Birni,
ruwan randa ya yi haƙora.
Ba-Ruwanka ya dawo daga gadin awaki
yana ɗingishi.

Na ɗaga ƙafarsa gaban murhu:
dutse ya tsaga masa tafi,
kaushi irin na kakata.
Man kaɗen da Tsahara ta ɓoye don leɓenta
na lakato, na cusa.

Ƙarangiya tara a wutsiya,
kaska biyu bayan kunne, sun ƙoshi.
Wuta ta karɓe su, ɗas, ɗas.

Tsohon buhun gero kan toka mai ɗumi,
sauran kunu da dusa.

Na wanke hannu, har da ƙasa.
Tankari ya leƙo ta katanga:
"Duk wannan don kare?"

Na ce, je ka ƙirga awakinka,
sannan ka zo mu ƙirga nawa.