Gwaji na Sha Bakwai

A Bandung, bayan shagon gyaran babur,
Cecep ya manna kwalayen ƙwai a bango
don kada sauti ya yi ta kai-komo.
Ruwa na dukan kwanon rufi.

Ya ɗaga jitar Dadang, ta haɗiye murya.
Ya ɗaga muryar Neneng, ganga ta yi zuciya ta koma ƙurya.
Ya ɗaga duka.
Allura ta hau ja ta zauna daram,
lasifika na tari kamar tsohon injin niƙa.

Ƙarfe biyun dare
kunne ya fara yi masa ƙarya.

Mahaifiyarsa ta leƙo da shayi,
ta ɗan saurara.
"Kowa na magana," in ji ta,
"to wa ke ji?"

Sai ya ja maɓallai ƙasa har shiru ya sauka.
Ya saki ganga ita kaɗai.
Jita mai kaurin murya ta bi sawunta, sannu.
Sauran biyun, ɗaya hagu, ɗaya dama,
tsakiya ta buɗe,
Neneng ta shigo ba ta ture kowa ba.

Can ƙarƙashin baiti na biyu
ga mai tallan taliya yana buga kwano da cokali,
makirufo ya kama shi tun Talata.
Ya kai yatsa zai goge.
Ya fasa.

Da asuba ya ji ta a waya.
Har yanzu gangar na da mura.
Ya shanye shayin da ya huce,
ya rubuta: gwaji na sha bakwai.