Tambarin Buhu

Damina bakwai ina ƙirgar ƙuduji
a gonar Baba Nadabo, gabas da Auyo,
kunya bayan kunya, da biro mai yoyo.
Na hau tudu neman sabis,
na tura wa mujalla.

Amsa ta iso shayina bai huce ba:
bai dace da mu ba.
Ko shafi na biyu ba su buɗa ba.
Sun tsaya ƙarƙashin sunana,
inda kwalejinmu ta tsuguna, ba takalmi.

Bana sai ga irin lissafin ya fito:
sunaye biyar, jami'a ɗaya mai dogon bene.
Auyon ma sun rubuta ta a karkace.

Na karanta wa Nadabo.
Ya ce, "Su can tambarin buhu suke tuƙawa?
Mu dai gero muka sani."
Ya duƙa, ya ci gaba da cira.