Awon Riƙo

Ƙarfe biyun dare a Akoka.
Wuta ta ɗauke, Baba Oyelaran ya ja janareta,
ya leƙo ya ce, "Tasalla, man ba zai kai asuba ba."
Na ce to.

Kwalbar ba ta kai kofin shayi ba.
Wayoyi uku na tsoma a ciki:
ɗaya mai aiki, na goge bakinta har yatsana ya yi kanta,
ɗaya mai taya ta dako,
ta ukun shaida ce kawai,
da ita ake gwada maganar sauran.

A ruwan nan akwai ƙwayoyi iri biyu da ido bai san su ba.
Ɗaya zobe ce mai rami, ɗaya baƙuwa.
Babu ƙulli tsakaninsu, babu alkawari.
Baƙuwa ta shiga, ta ɗan zauna, ta fice,
kafin in ƙifta an yi haka sau ba adadi.
Ni kuma an ce in faɗi ƙarfin wannan riƙo,
da lamba.

Na saki lantarki a hankali, na janyo shi baya.
Layi ya hau allo, ya yi tozo kamar Gadar Eko, ya gangara.
Na ɗiga zoben. Tozon ya gusa.
Na ƙara ɗigo, ya ƙara gusawa,
ƙiris,
irin matsawar da ake yi a danfo
in kwandasta ya rantse saura mutum ɗaya.

Ashe wadda aka riƙe, ko da sako-sako ne,
ba ta sakin abin hannunta da arha,
sai an ƙara matsa mata.
Ƙarin nan nake bi tun damina.
Milibolt goma sha bakwai.

Janareta ya yi tari, layi ya wargaje.
Sai sabon zubi.

Wayata ta haska a gefen famfo.
Yaya Ɗanjuma ne daga Funtuwa,
rabona da muryarsa tun rabon gadon Baba.
Ya rubuto, "Kina nan?"
Ko sallama babu.

Na daɗe ina kallon kalmomin nan biyu.
Iskar lagun ta shigo da warin kifi da dizal,
sauro ya sami idon sawuna.

Na rubuta, "Ina nan."
Na kife wayar,
na ɗauraye kwalba sau uku yadda aka koya mini,
na koma guga.