Ƙanzo a Kunnen Baba

Shekara talatin da ɗoriya
Baba Gide na zaune a rumfarsa ta Ƙofar Guga,
gilashi ɗaya maƙale a ido,
agogon jama'a kare a kunne.
Ba ya buɗe bayan agogo sai ya saurare shi tukuna.
Wai kowace cuta da irin tafiyarta:
wannan ɗingishi yake, wancan haki,
wannan kuwa gajiya ce, a bar shi ya huta.

Da damina ta sauka bana
sai duniya ta soma ja masa da baya.
Kiran asuba ya koma kamar daga ƙasan rijiya.
Inna ta yi magana sau uku, ya ce "Iye?" sau uku,
a na huɗu ta yi ƙwafa ta koma madafa.
Wani direban Jibiya ya kawo agogo mai rai,
Baba ya kara a kunnen dama,
ya miƙa masa ya ce, "Ya mutu."

Ya sa tsinken ashana. Ya sa gashin zabuwa.
Ya sa murfin biro, har makullin rumfa ya sa.
Duk abin da ya tura don ya buɗe ƙofar
sai ya ƙara tokare ta daga ciki.

Rannan bayan isha'i na ishe shi
yana naɗe ƙananan kayan aikinsa cikin tsumma.
"Tsufa ne, Hansatu," ya ce,
"shi ba ya sallama, sai dai ka gan shi a ɗaka."

Ni na ja shi asibiti, yana tirjiya.
Malama Uwale ta haska 'yar fitila, ta leƙa,
ta ɗago tana murmushi.
"Ba tsufa ba ne, Baba. Dauɗa ce ta daskare
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Mai son tukunyarta ba ta kankara da ƙarfi,
jiƙawa take, ta tafi sha'aninta."
Ta ba ni 'yar kwalba, ba ta kai ɗan yatsa ba.
Ɗigo uku, safe da dare.
In ya ji zafi ko ruwa ya fito, mu dawo.
Ashana kuwa a bar wa murhu.

Haka mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kallon kasuwa
ya kwanta kan tabarma, kansa bisa cinyata.
Nakan ɗumama kwalbar a tafin hannu,
in ja kunnen sama kaɗan.
Ɗaya.
Biyu.
Na ukun kullum sai ya yi jinkiri a bakin kwalba.
Shi kuma ya tsura wa agogonsa ido,
yana ƙirga minti goma da ba ya jin wucewarsu.

Ranar farko ya tashi ya ce, "Kin ƙarasa ni,
da ina jin rabi, yanzu babu."
Rana ta biyu bai ce mini komai ba.
Ta uku ya riƙe hannuna:
"Tsaya. Wani abu na tsartsatsi a ciki,
kamar gishiri ya faɗa wuta."

Daren biyar aka kwana ana ruwa.
Da safe ga wani ɗan abu a kan matashi,
launin makuba, bai kai ƙwayar wake ba.
Wai wannan ne ya so ya rufe rumfar shekara talatin.

Baba na zaune bakin gado, bai motsa ba.
Indararo na ɗiga cikin bokiti.
Kurciya a kan darbejiya.
Can madafa Inna na gunaguni ita kaɗai
kan wani tsoho mai taurin kai.

"Na ji ki, Dije," ya ce.
Ludayi ya faɗi.

Sai ya juya ga agogon bango, ya karkata kai, ya daɗe.
"Wannan tun yaushe yake ɗingishi
ba wanda ya faɗa mini?
Miƙo tsumman nan.
In kin fita kuma ki bi ta tasha,
ki tambayo mini direban nan na Jibiya."