Abin da Wake Ya Bari

Gonar ubana tana gabas da Dogo,
bayan rijiyar da gugarta ke dawowa da laka.
Shekara bakwai muna zuba mata hatsi,
hatsi a kan hatsi,
har ta daina amsa sallama.
Kara siriri kamar tsinken sakace,
ganye rawaya, ƙuduji na fure a gindinsa
kamar mai kwalliya a gidan makoki.
Dami goma sha ɗaya. Sau biyu na ƙirga.

A kasuwar Mirya na taya buhun takin zamani.
Mai shago ya faɗi kuɗinsa,
na shafa aljihu, na tambaye shi iyali, na wuce.

Gwaggo Tabawa ce ta auno mini tiya biyu ta wake.
Ta ce, "Nomau, gajiyayye ba a ƙara masa kaya.
Baƙo ake kai masa, mai tafe da guzurinsa."
Na shuka, ba don na yarda ba.

Ran da wake ya soma fure ta zo da sandarta,
ta sa na tone gindi guda, sannu, da yatsa.
Saiwa duk ƙulle-ƙulle.
Na ce cuta ce.
Ta fasa ɗaya da farce,
ciki ja-ja kamar dasashin jariri.
"To, suna nan da rai," in ji ta. "Mayar da ƙasa."

Daga baya malamin gona ya zo a kan babur,
ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani,
wake ya ba su ɗaki da ɗan zaƙi,
su kuma su kamo azot daga iskar da ke ratsa yashi
su biya kuɗin haya.
Gwaggo ta ce ba ta san sunansu ba,
amma sun riga shi zuwa gonar nan.

Da kaka ta hana ni tugewa.
Lauje, daidai ƙasa.
Harawa ta hau rumfa don tumaki,
kashinsu ya dawo a amalanke,
saiwa ta kwanta inda take, ta ruɓe,
babu wanda ya gode mata.

Bana hatsi ya tashi kore har da duhu.
Na shiga ciki, ɗana ya yi ta kira bai gan ni ba.
Dami ashirin da shida.

Na kai wa Gwaggo tiya huɗu.
Ta ɗauki biyu, ta turo mini sauran da ƙafa,
ta nuna arewacin gonar da bakin sanda:
"Wancan gefen ma, na ji ya fara shiru."